Damagaram a hunturu: hular bakwaini

Matafiyin da ya baro Maradi da asuba a watan Janairu, ya ratsa Tasawa da Takeita, yakan iske Damagaram lulluɓe da hazo. Da ƙyar ake hango duwatsun Birni. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko, awon zafi ya koma wajen digiri 15, wani daren ma ƙasa da haka. Magidanta su ja bargo, masu shayi su kewaye garwashi.

Ranar Alhamis, ranar cin kasuwar Dole, cinikin masu zare yana kankama. Ga curin ulu launi-launi, ga kwarashi, ga alluran saƙa. Masu sayen galibi mata ne na Zango da Birni da Sabon Gari, waɗansu a fuwaye suka koyi sana'ar, waɗansu a hannun iyaye. A zaure da tsakar gida suke saƙa hula da safa da rigar sanyi da shawul, kayan da ake kai wa mai jego kafin suna.

Sai dai baƙo mai lura zai ga abu guda: kusan duka kayan nan an auna su ne da jaririn da ya cika wata tara. Shi kuwa bakwaini, wanda aka haifa kafin sati 37, hular kasuwa har hanci take rufe shi. Kewayen kan jariri cikakke yakan kai santimita 35. Na ɗan wata bakwai bai kai 30 ba.

Lamarin ba na ado ba ne. Bakwaini fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kansa kuma babba ne bisa ga jikinsa, ta nan zafi ke saurin fita. Da zarar ɗumin jikinsa ya gaza digiri 36,5 ya shiga haɗari: tsotso ya yi rauni, numfashi ya rikice. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13,4 kafin lokaci, wato kusan ɗaya cikin goma. Kwalbar renon jariri kuwa tana da tsada, tana kuma buƙatar lantarki marar yankewa.

Irin wannan ƙarancin ne ya sa a 1978 likita Edgar Rey, a birnin Bogota na Kolombiya, ya fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata. A 2022 OMS ta ba da shawarar a soma haka nan take bayan haihuwa. Ga matan Damagaram, waɗanda suka gaji goyo, zane ne kawai zai juyo daga baya zuwa gaba. A wannan goyon jikin uwa ne ke ɗumama jariri, amma kansa yana waje. Nan ne aikin mai kwarashi.

Hular tana da ƙa'ida. Zaren ya zama mai laushi, marar gashi, mai jure wanki. Saƙar ta matse, kada yatsa ya maƙale. Babu maɓalli, babu igiya, bargo kuma kada ya rufe fuska. Kafin a kai kaya gidan haihuwa, a nemi shawarar ungozoma.

Curi guda na zare yana fitar da huluna da dama. Ɗan kasuwar da ke ɗauko ulu daga Kano, da ma'aikacin da ke neman inda zai yi sadaka, da ƙungiyoyin mata masu adashi, kowa na da abin yi kafin sanyi ya kama. Ranar 15 ga Nuwamba ita ce ranar bakwaini ta duniya, kuma a nan ƙasar ta faɗo daidai bakin hunturu. Allah ya raya mana su, amin.