Na'urar Ba Ta San Zagaye Ba

Rubutuna na wannan mako a kan wani aiki ne da 'yan kallo ba sa gani a tseren motoci: kwashe bayanai daga na'urar GPS zuwa manhajar da ke auna zagaye.

Ƙanina yana shiga filin Brands Hatch da ke Kent a Ingila, a ranakun da ake buɗe wa masu sha'awa. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe da kwamfuta, kuma abin da na faɗa masa da shi zai zaɓi inda zai taka birki. Shi ya sa ba na yi wa aikin gaggawa.

Na'urar ba ta san wani abu zagaye ba. Layuka kawai take rubutawa: lokaci, wuri, gudu. Tamu tana rubutawa sau 10 a daƙiƙa. Wayoyi da yawa sau ɗaya suke yi, alhali motar da ke gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a daƙiƙa guda. A bakin kwanar Paddock Hill, inda titi ke gangarawa kafin direba ya gama ganinsa, mita 50 ta isa ta kai mutum cikin tsakuwa.

Inda aka fi shan wahala shi ne fayil ɗin kansa. A tsarin NMEA, idan an rubuta 5121.4, ana nufin digiri 51 da minti 21.4. Manhajar da ta ɗauke shi a matsayin 51.214 za ta ajiye motar kusan kilomita 16 kudu da filin, ba tare da ta yi ko tari ba. Gudun ma da ma'aunin jiragen ruwa yake zuwa, sai an ninka da 1.852 ya koma kilomita. RaceChrono da irinsu sun san NMEA, su ke yin lissafin. Amma idan CSV ne, kai za ka nuna mata wane shafi ne mene. Ni dai ba na karanta lamba ko ɗaya sai na ga zanen hanyar ya hau kan titin a taswira.

Bayan nan a ja layin farawa. Daga wannan layin manhaja ke yanka doguwar tafiya gida-gida.

Sai a ɗora zagaye biyu a kan juna bisa nisa, ba bisa lokaci ba, domin kwana tana nan inda take, lokacin isa gare ta ne ke canzawa. A nan muka ga a kwanar Druids yana saurin taka birki, sannan ya daɗe bai koma kan totur ba. Ya ce, "Yaya, ai nan ne na fi iyawa." Na juya masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallon layukan biyu, sannan ya ce in buɗo masa zagayen safe ma.