Daren Da Motoci Suka Yi Kuka A Bakin Tekun Jidda

'Yan uwana mata, in aka ce Jidda, abin da yake fara zuwa ranmu shi ne filin jirgin da alhazai suke sauka, sai kasuwar Balad inda ake tsinto abaya da gwal da turare na tsaraba. To ashe garin yana da wata fuskar da yawancinmu ba mu sani ba, tana can arewa a bakin Bahar Maliya, wurin shan iskar da suke kira Kornish. A nan aka shimfiɗa titin tseren motoci na Formula 1, wato gasar da babu ta sama da ita a duniya wajen gudun mota, kuma tun watan Disamba na 2021 aka fara yin ta a wurin. Ni a watan Maris na 2024 Allah ya nufe ni da gani, ina hutu a gidan yayana da yake aiki a garin.

Bisa al'ada ran Lahadi ake yin babban tseren, amma a shekarar sai aka dawo da shi Asabar, 9 ga wata, saboda azumi ya ƙarato. Kwana uku ake yi ana abu: Alhamis gwaji, Juma'a neman layi, don wanda ya fi kowa sauri shi zai tsaya a gaba, Asabar kuma a yi ta ta ƙare.

Titin kansa abin kallo ne. Tsawonsa kilomita 6 da ɗoriya, kwanoninsa 27, ya miƙe siriri yana lanƙwasa kamar maciji, teku a gefe, katangar kankare da waya ta tsare shi hagu da dama. Da magariba ta kawo kai sai aka kunna fitilu, wurin ya yi fes kamar rana tsaka, har allura ce ta faɗi sai ki tsince ta. Daga inda muke ba nisa zuwa masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ta cika sai ki rantse yawo yake a kanta. Jama'a kuwa ba a magana, Larabawa, Turawa, Indiyawa, mata da 'yan yaransu, wata ta ɗora jar hular Ferrari a kan gyale. Har Hausa na tsinkayo a bayana, na waiga muka gaisa da wata baiwar Allah haifaffiyar can, wadda ta ce kakanninta ne suka zo daga ƙasarmu.

Ƙarfe takwas na dare motoci 20 suka jeru bibbiyu. Fitilu ja guda biyar suka kama ɗaya bayan ɗaya, wurin ya yi tsit, can sai suka mutu gaba ɗaya. Kai jama'a! Ƙarar da ta tashi ba a kunne kawai na ji ta ba, har cikin ƙirjina take dukana, bencin da nake kai yana rawa. Na damƙe hannun yayana na ce, "Yaya, ina motocin?" Ya yi dariya ya ce, "Ai sun wuce, jira su dawo."

Gaskiyarsa ne, don mai kallo a wurin ba ya ganin mota yadda take. Walƙiya kawai za ki gani, ja ko shuɗi ko ruwan lemo, da tartsatsin wuta yana tashi a ƙarƙashinta. Gudunsu yana haura kilomita 300 a awa, cikin minti ɗaya da rabi sun zagayo. Sau 50 za su yi haka, jimla kilomita 308, wato ya fi nisan Kano zuwa Kaduna, amma ba su cika awa ɗaya da rabi ba suka gama. Sai da babban allon talabijin da ke gabanmu muke gane wane ne gaba, wane ne baya. A nan na ga yadda ake canza taya: mota ta tsaya, makanikai wajen 20 su rufar mata, kafin ki ƙirga uku sun cire huɗu sun ɗaura huɗu, ta ƙara gaba. Ba a daɗe da farawa ba wani direba mai suna Lance Stroll ya daki katanga, gabana ya faɗi ras, amma sai ga shi ya fito da ƙafarsa lafiya lau.

Max Verstappen ɗan ƙasar Holan ne ya yi na ɗaya, abokin aikinsa na Red Bull, Sergio Perez, na biyu, Charles Leclerc na Ferrari na uku. Amma fa ranar ba su ne suka sace zuciyar mutane ba. Wani yaro ne ɗan Ingila, Oliver Bearman, shekararsa 18 kacal, sa'an ƙannenmu masu rubuta jarrabawar fita sakandare. Shi ƙaramar gasa ta Formula 2 ya zo yi. Ran Juma'a ciwon afendis ya kwantar da Carlos Sainz, direban Ferrari, aka wuce da shi tiyata, sai aka kira yaron nan aka ce ga mota. Sa'o'i kaɗan suka rage a fita gwajin ƙarshe. Bai taɓa yin babban tseren ba, ga titin yana daga cikin masu haɗari, kuskure kaɗan sai katanga. Ya tashi a na 11, ya ƙare a na 7, a gaban Lewis Hamilton da ya ci kambun duniya sau bakwai. Ana ta hasko mahaifinsa a allo, ya kasa zaune ya kasa tsaye, Allah sarki, iyaye ko'ina iyaye ne. A 2025 yaron ya samu kujerarsa ta kansa a ƙungiyar Haas.

Na ce da yayana, "Yaya, wannan yaro akwai sa'a." Ya girgiza kai ya ce, "Sa'a ta same shi a shirye dai. Tun yana ƙarami yake abin nan, da bai iya ba da ko an kira shi kunya zai sha."

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa tun da rana ya faru, kafin manyan su fito. Akwai gasar 'yan mata zalla da ake kira F1 Academy, wadda aka fara a 2023, kuma a Jidda suka buɗe kakar 2024, tseren farko ma ya dace da 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. In suna cikin mota da hular kwano ba za ki ce mata ne ba, sai sun cire ki ga gashi ya zubo. A cikinsu har da Reema Juffali, 'yar garin Jidda, a ƙasar da sai a watan Yunin 2018 aka ba mata izinin tuƙi. Shekara shida ke nan ba ta cika ba, ga 'yar gida tana tsere a gaban danginta.

Wata 'yar Faransa, Doriane Pin, mai shekara 20, ita ta ci tseren Juma'a. Ran Asabar ma ita ta fara ƙetare layi, sai dai ba ta lura an kaɗa tutar tashi ba, ta ci gaba da sheƙa gudu ta ƙara zagaye. Alƙalai suka ƙara mata daƙiƙa 20 a lokacinta, nasara ta koma hannun Abbi Pulling 'yar Ingila. Ki duba fa, ta fi kowa gudu, amma rashin lura da ƙyalle guda ya raba ta da kofi. Ba ta zauna kuka ba, a 2025 ita ta ɗauki kambun gasar gaba ɗaya. Har yanzu dai da sauran tafiya, don rabon da mace ta shiga babban tseren Formula 1 tun Lella Lombardi 'yar Italiya a 1976.

Ba ina ce ki je ki koyi tseren mota ba ne, 'yar uwa, ni kaina ko keke ban iya ba. Amma kowace da irin titinta, wata boko, wata ɗinki, wata rubutu irin nawa. Ranar da za a ce ke fito ba ta sallama, kuma abin da kika koya ba mai ganinki shi zai fitar da ke. In an fara kuma a sa ido har ƙarshe.

Wadda Allah ya kai ta irin wannan wuri, ta tafi da abin toshe kunne da takalmi mara tsini, don tafiyar ƙafa daga ƙofa zuwa wurin zama ba kaɗan ba ce, ta kuma riƙe mayafi mai ɗan kauri saboda iskar teku in dare ya yi.