Rumbu da Turmi

A shekarar 2012 wani malamin jami'a daga Zariya yana karatun digiri na uku a Jami'ar Malaya da ke Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Rabin kuɗin tallafin karatunsa gida yake aikawa, saboda haka bai iya sayen sabuwar kwamfuta ba. Tsohuwa ce ta kan tebur ya saya a hannun wani ɗalibi da ya gama karatu.

Saura wata uku ya miƙa kundin bincikensa, sai kwamfutar ta fara nauyi. Da zarar ya buɗe kundin tare da alƙaluman bincikensa da maƙalun da yake dubawa, sai ta tsaya cik. Kuɗin da ke hannunsa kuwa na makarantar ɗansa ne. Idan ya sayi sabuwa, yaron zai zauna a gida.

Ya ji ana cewa ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa yana sa ta sauri. Bai tambayi kowa ba, domin yana ganin bai dace malami kamarsa ya nuna jahilci gaban ɗalibai ba. Ya hau jirgin monorel zuwa unguwar Bukit Bintang, ya shiga Plaza Low Yat, babbar kasuwar kayan kwamfuta da aka buɗe a 1999. A can ya sayi ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, mai gigabayit 2. Siririn allo ne, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba.

Da ya koma ɗaki ya kwance murfin kwamfutar, sai allon ya ƙi shiga gurbinsa. Ya juya shi, ya danna, har ya ji wani abu na shirin karyewa. Nan ya haƙura, ya kira wani saurayi ɗan Katsina mai karatun injiniyan kwamfuta.

Saurayin ya duba, ya ce, "Malam, Allah ya sa ba ku matsa da ƙarfi ba. Kwamfutarku DDR2 take ɗauka, wannan kuwa DDR3 ce. Kowacce haƙoranta 240 ne, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. Da gangan aka yi haka, don ƙarfin wutar da suke sha ya bambanta."

Malamin ya ce, "To ƙanena, ina amfanin wannan abu, alhali ma'ajiyar kwamfutar ba ta ko cika ba?"

Saurayin ya ce, "Ku ɗauka ma'ajiyar rumbu ce, RAM kuwa turmi. Komai cikar rumbu, a turmi ake daka. Idan turmin ƙarami ne, mai daka ba za ta daina zirga-zirga zuwa rumbu ba, aiki kuma ba zai yi sauri ba. Naku turmin gigabayit 1 ne kawai. Kuma da an kashe wuta babu abin da ke saura a cikinsa, shi ya sa ake adana aiki a rumbu."

Washegari suka koma kasuwar tare, da rasit a hannu, mai shagon ya musanya musu. Malamin ya so ya sayi biyu, saurayin ya hana shi, ya ce irin Windows ɗin da ke kan na'urar ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabayit 3 da 'yan kai.

A ɗaki saurayin ya ƙi karɓar sukudireba, ya ce malamin ya yi da hannunsa. Ya zare wayar wuta, ya taɓa ƙarfen akwatin don lantarkin jikinsa ya sauka, ya buɗe 'yan kunnuwan gurbin, ya daidaita tsagar, ya danna gefe biyu har ya ji ƙas. Da aka kunna, kundin ya buɗe nan take.

Ya aika kuɗin makarantar a makon, ya kuma miƙa kundinsa kan lokaci. Da zai koma Zariya ya bar wa wani sabon ɗalibi kwamfutar. A jikinta ya manna 'yar takarda da ya rubuta: "DDR2 take ɗauka. Ka tambaya kafin ka saya."