Abin da Na Gani a Wasan 'Yan'uwa Biyu

Ni ba ma'abociyar wasanni ba ce. Sana'ata man gyada da ƙuliƙuli, wadda muka gada ni da Yayata daga mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Yaya ke suya da tuya, ni kuwa da yake na shiga ajin yaƙi da jahilci, ni ke riƙe da littafin lissafi, ni ke magana da masu sari. Yau da gobe sai masu saye suka riƙa kiran man da sunana. Kaina ya kumbura. Ran nan muna rabon riba na ce mata, ba don littafina ba da sana'ar nan ta mutu. Yaya ba ta ce uffan ba, ta kwashe kaskonta ta koma gidanta. Shekara biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar hanya.

To, da Ƙaramar Salla ta 2016 na tafi Kaduna wurin ɗana na fari. Ran Asabar, 9 ga Yuli, na tarar da shi ya ƙura wa talabijin ido. Na ce, "Kai kuma wane aiki ne wannan?" Ya ce, "Inna, zauna ki gani. Gasar tanis ce ta Wimbledon, a birnin Landan."

Bari in bayyana wasan domin wanda bai taɓa gani ba. Fili ne na ciyawa, tsawonsa ƙafa 78, an raba shi biyu da raga mai tsayin ƙafa 3 a tsakiya. Kowa na riƙe da wani abu kamar rariya mai mariƙi, da shi ake buga 'yar ƙwallo ta tsallake raga. Wanda ya kasa mayarwa, ko ya buga ta fita layi, an ci shi. In ɗaya da ɗaya ne, faɗin filin ƙafa 27. In bibbiyu ne, ƙafa 36. Matan nan kuwa ba shagala suke yi ba, sana'arsu ke nan, da ita suke ci.

Da rana wata baƙar fata 'yar Amurka, Serena Williams, ta ka da Angelique Kerber ta Jamus, ta ɗauki kofi. Ɗana ya nuna mini wata cikin 'yan kallo tana ta tafi, ya ce yayarta ce, Venus, wadda ita Kerber ɗin ta fitar shekaranjiya. Ya ce sau huɗu ya da ƙanwar suka kara da juna a wasan ƙarshe a filin nan, ƙanwar ta ci uku, yar ta ci ɗaya, a 2008. Na ce a raina, lalle akwai 'yar tsama a gidan nan.

Ashe ban san kome ba. Da yamma sai ga su sun fito tare, gefe guda, za su kara da Timea Babos ta Hangare da Yaroslava Shvedova ta Kazakistan. Nan na gyara zama.

Abu uku na lura da su. Na fari, kafin a buga sukan matso su yi raɗa, kowace ta san inda 'yar'uwarta za ta nufa. Na biyu, ɗaya na gaba kusa da raga, ɗaya na baya. Ta gaban ita ke kashe ƙwallo a yi mata tafi, amma ta bayan ce ta sha gudu ta shirya mata. Ɗana ya ce wurin da ya fi haɗari shi ne tsakiyarsu, don kowace na iya cewa ta 'yar'uwarta ce, ƙwallo ta wuce. Na uku, shi ne ya taɓa ni. Ko an ci su ko sun ci, sai sun taɓa hannu. In ɗaya ta yi kuskure, ɗayar ba ta harararta, gama alƙalin wasa ba ya rubuta sunan mai kuskure, a kan su duka yake rubutawa.

Suka ci turmi biyu a jere, 6 da 3, sa'an nan 6 da 4. Wannan shi ne kofinsu na shida na bibbiyu a Wimbledon, tun daga na 2000, kuma na 14 cikin manyan gasa huɗu na duniya. Duk sau 14 da suka kai wasan ƙarshe tare, ba a taɓa ka da su ba. Alhali kuwa ita Venus tun 2011 likitoci suka gano tana da wata cuta mai kawo gajiya da ciwon gaɓoɓi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna ni ce ta gaban raga, Yaya ce ke baya cikin hayaƙi. Na tuna kuma tun rabuwarmu wadda na ɗauka aiki ba ta iya tuya ba, masu sari biyu sun gudu. Littafina yana nan tsaf, ba kuskure ko na kwabo, sai dai ribar ce ba ta da yawa.

Da na koma gida ban ko kwance kaya ba na nufi wurinta. Na same ta tana suya. Na durƙusa na ce, "Yaya, na yi miki laifi, ki yafe mini." Ta daɗe tana juya gyada ba ta dube ni ba. Can ta miƙo mini muciya ta ce, "Riƙe nan, kada ta ƙone. In kin iya."

Ban iya ba, jama'a. Rabin kaskon ya ƙone, ta yi ta yi mini dariya har da hawaye. Ba mu koma sana'a tare ba sai bayan Babbar Salla, da sharaɗin zan koya mata karanta littafin, ita kuma ta koya mini wuta. Yanzu in mai sari ya kira man da sunana, nakan ce masa, na Yaya ne, ni mai rubutu ce kawai.