Gwangwanayen Jos Da Gardamar Shekara Talatin Da Bakwai

Akwai wani tsohon malamin makaranta a Jos wanda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana gardama da wani Bature a kan wasan kwaikwayo na telebijin. Rabon da su haɗu ido da ido tun 1978, amma gardamar ba ta mutu ba. Da fari a takarda ake yin ta, a liƙa kan sarki a kai gidan waya, a jira amsa sai bayan wata guda. Daga baya ta koma ta tarho.

Asalin abin shi ne, cikin 1976 aka tura malamin Landan ƙaro ilmi, ya kama hayar ɗaki a gidan wani magidanci mai ɗa saurayi, ɗan shekara goma sha bakwai. Kowace Asabar da magariba gidan yakan yi tsit, a taru gaban akwatin telebijin domin wani wasa mai suna Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa ran 23 ga Nuwamba, 1963, kashegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Tauraron wasan, wanda ake kira Dakta, ba likitan asibiti ba ne, ba ma ɗan Adam ba ne. Baƙo ne daga wata duniya, yana yawo tsakanin zamanin da ya shuɗe da wanda bai zo ba, a cikin wani shuɗin akwati irin rumfar tarhon 'yan sandan Ingila, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. A 1966, da rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, sai masu shirin suka ƙago dabara, suka ce ai Dakta yakan sake jiki da fuska in ajali ya matso. Patrick Troughton ya gaje shi. Dabarar nan ita ta ja wa wasan tsawon rai, ita ce kuma tushen rigima, gama kowane mai kallo yana da nasa Daktan, kuma galibi wanda ya tarar yana yaro shi ne nasa.

Malamin ya tarar da Tom Baker ne, mai doguwar rawanin wuya da manyan idanu, ya kuwa so shi nan take. Saurayin ya dube shi da tausayi, ya ce ai bai ga kome ba tun da bai ga Troughton ba.

A cikin kakar nan ta 1976 aka nuna wani labari mai suna The Deadly Assassin, inda Dakta ya koma garinsu. Malamin ya ji daɗinsa ƙwarai, domin an nuna manyan garin tsofaffi ne masu son girma da ƙulle-ƙullen sarauta, abin da duk wanda ya taɓa zama kusa da fada ya sani. Saurayin kuwa ya fusata. A shekarar ne masoya wasan suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, shugabanta kuma ya rubuta kakkausan suka a kan labarin, wai an zubar da kwarjinin mutanen da aka saba ɗauka tamkar ba sa kuskure. Malamin ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ce a ransa baƙo ba ya gaya wa ɗan gari hanya. Shekaru ba su yi nisa ba sai ga masoyan nan sun juya, suna lissafa labarin cikin mafiya kyau da aka taɓa yi. Da ya yi wayo, da tun daga nan ya koyi wani abu, amma bai koya ba.

Bayan ya komo gida, sai wasiƙun abokin suka soma zuwa da labarin baƙin ciki. Ashe BBC ta yi shekaru tana shafe tsofaffin shirye-shiryenta. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani yana da tsada, saboda haka sai a goge a sake ɗaukar wani abu a kansa. Yarjejeniyar da aka yi da 'yan wasa ta ƙayyade maimaita shiri. Da telebijin mai launi ya zo kuma, aka ga kamar ba mai sauran sha'awar baƙi da fari. Kofen fim da aka yi domin sayarwa ƙasashen waje su ma aka yi ta hallaka su, ba a daina ba sai 1978. Zamanin Troughton ne ya fi shan wuta. Abin da ya tsira gaba ɗaya shi ne murya, domin akwai yaran da sukan kafa rikoda kusa da telebijin su ɗauki sautin kowane kashi, sai kuma hotuna marasa motsi da wani mai suna John Cura ya riƙa ɗauka daga fuskar akwatin.

To, a kan wannan murya da waɗannan hotuna, da kuma abin da manya suka tuna sun gani suna 'yan shekara takwas, aka gina hukunci mai ƙarfi kamar dutse. Abokin ya aiko wa malamin kaset-kaset, tare da bayanin yadda ya kamata ya ji su. Labarai biyu da aka nuna a jere, daga ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968, su ne ya fi nanatawa. Na ɗaya The Web of Fear, watau Yanar Tsoro, inda wasu dodanni masu gashi suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan. Wannan, in ji shi, ba a taɓa yin kamarsa ba, har ya yi watanni yana yaro bai yarda ya shiga jirgin ba. Na biyu The Enemy of the World, watau Maƙiyin Duniya, wanda ya ce ɓata lokaci ne kawai, ba dodo, ba tsoro, sai surutu. Hujjarsa ita ce kashi na uku, wanda shi kaɗai ya rage cikin shida, kuma gaskiya ba shi da armashi: ga fursuna ana tsaronsa a baranda, ga wani kuku yana ta ƙorafi a kicin.

Malamin ya haɗiye wannan hukunci duka. Ya maimaita shi a wasiƙu, ya maimaita wa 'ya'yansa, har yakan ƙara masa gishiri. Ko da aka gano wani labarin Troughton da ake kambamawa a Hong Kong cikin 1991, waɗansu masoya suka gan shi suka ce bai kai yadda ake faɗi ba, wannan bai girgiza shi ba. Wata rana uwargidansa ta tambaye shi, “Malam, wai shin ka taɓa ganin abin nan da kake kushewa?” Ya ce ya ji shi a kaset sau uku. Ta ce, “To, ai gani ya kori ji,” ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Cikin Oktoba, 2013, tarho ya yi ƙara da sassafe. Abokin ne, yanzu mai furfura, muryarsa tana rawa, yana tambaya ko ya san wata tashar telebijin a garinsu. Wani Bature mai neman ɓatattun fina-finai, Philip Morris, ya shiga ɗakin ajiyar tashar, ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta, da sunan wasan rubuce a jikinsu. A zamanin da, tasha takan gama nuna fim ta miƙa wa ta gaba, ƙasa zuwa ƙasa, kuma waɗannan a Jos tafiyarsu ta ƙare, aka manta da su. Kashi tara da aka fid da rai da su suka komo, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Kuma ba waɗansu ba ne illa labaran nan biyu. Malamin ya ajiye tarho ya zauna shiru. Ya wuce ta ƙofar tashar nan bai san iyaka ba, yana ɗauke da ra'ayi a kan abin da ke kwance bayan bango.

Da faifan ya iso, ya kira 'yarsa ta kunna masa Maƙiyin Duniya. Minti biyar ba su cika ba ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa, shi ma ya yi wa kansa. Abin da ya ji a kaset kamar hayaniyar inji, ashe tsere ne a bakin teku da jirgi mai saukar ungulu. Troughton ya fito mutum biyu, Dakta da wani azzalumi mai suna Salamander, kuma rabin gwanintar a fuska take, a ɗage gira da karkata baki, abin da rikoda ba ta ɗauka. Ga kuma Carmen Munroe, baƙar mace, a matsayin mai ɗanɗana abincin azzalumin, tana magana da idonta fiye da bakinta. Da aka zo inda Salamander ya ɓoye waɗansu mutane a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, yana gaya musu yaƙi ya cinye duniyar sama, su kuwa suna gaskata shi domin ba wanda ya hau ya duba, sai 'yar ta dube shi ta ce, “Baba, me ya ba ka dariya?” Bai amsa ba.

Ba shi kaɗai ya sake ra'ayi ba. A ƙuri'ar da mujallar masoya wasan ta yi a 2014, labarin ya tashi daga can ƙasa inda aka jefar da shi ya hau sama sosai. Yanar Tsoro kuwa, malamin ya same shi da kyau, duhun ramukan ya yi kamar gaske, amma a ganinsa tsakiyarsa ta yi ja, sojoji suna ta kai da komo a rami ɗaya. Ya rubuta wa abokin haka, karo na farko cikin shekara talatin da bakwai da ya faɗi abin da idonsa ya gani ba tare da ya jira a gaya masa ba.

Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, abokin ya yarda ya zalunci Maƙiyin Duniya. Amma game da ɗaya labarin ya ce faifan ya yi wata biyu a kan tebur bai buɗe ba, don tsoron kada dodannin da suka hana shi barci a 1968 su zama mutane sanye da buhun gashi. Da ya kalla, haka suka zama, ya ce, amma duk da haka ya kashe fitilar ɗakin.

Sai dai bai ba da gari ba. Kashi na uku na Yanar Tsoro bai komo tare da sauran ba. Morris ya faɗa a 2015 cewa ya gan shi a kan kantar, amma ya ɓace kafin a kwaso gwangwanayen. A cikinsa ne Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da ya zama aminin Dakta na shekaru masu yawa, ya fara bayyana. Abokin ya rantse cewa wannan kashi shi ne mafi kyau cikin shidan, ya tuna shi sarai, kuma da malamin ya gan shi da bai ce tsakiyar ta yi ja ba. Malamin ya ɗauko tsohon kaset ɗin ya sake saurara, ya rubuta masa cewa ya ji takun takalma da yawa, sai dai bai san fuskar masu su ba.