Abin Da Ke Mayar Da Ni Wasan The Division

A watan Maris na 2016 kamfanin Ubisoft ya fitar da wasan Tom Clancy's The Division, wanda ma'aikatan Massive Entertainment suka gina a birnin Malmö na ƙasar Suwidin. Labarinsa ba shi da tsawo. Wani masanin kimiyya ne ya sarrafa ƙwayar cutar agana, ya shafa ta a takardun dala, a ranar da Amurkawa ke tururuwar sayayya gab da ƙarshen shekara. Kuɗi kuwa ba sa zama a hannu ɗaya. Kafin a ankara New York ta durƙushe, aka killace tsibirin Manhattan, doka ta kau. Kai da ke riƙe da na'urar wasa, kana cikin jami'an sirrin da gwamnati ta tanada domin irin wannan rana, aikinka ka dawo da abin da ya saura na gari.

Da na fara buga shi a PlayStation 4, kwaɗayin kaya ne ya riƙe ni. Kowane maƙiyi ka kayar, akwai yiwuwar ya yar da bindiga ko sulken da ya fi naka, sai ka ce bari in ƙara zagaye ɗaya, har dare ya raba. Wannan dabara tana aiki, amma ba ta ɗorewa. Ranar da ka haɗa kayan da kake nema, ko ka gaji da nemansu, ranar za ka ajiye wasan in ba shi da wani abin ba ka. Na ajiye wasannin harbi da dama ta wannan hanya.

Wannan bai ajiyu ba, kuma dalilin yana tsakiyar taswirarsa, a yankin da ake kira Dark Zone. Nan ne cutar ta fi ɓarna, sojoji suka janye, aka zagaye wurin da katanga. Kaya mafi daraja suna ciki, sai dai duk abin da ka tsinta gurɓatacce ne, ba ka fita da shi ta ƙofa. Dole ka je filin ɗauka, ka harba wutar alama sama, ka jira jirgi mai saukar ungulu na tsawon minti ɗaya da rabi, ya sako igiya ka ɗaura jakarka. Wutar nan kowa a yankin yana ganinta. Jakar kuma rawaya ce, tana rataye a bayanka, kamar ɗan kasuwar da ya taso da cinikin yini a hannu kowa na kallo.

To a cikin wannan jiran ne wasan yake. Wani ɗan wasa zai iso ya tsaya kusa da kai, mutum ne na gaske, wataƙila a Brazil yake, wataƙila a Turkiyya. Yana iya taya ka korar 'yan daba har jirgi ya zo. Yana kuma iya bari sai ka juya baya kana ɗaura jaka, ya buɗe maka wuta ya kwashe komai. In ya yi haka wasan zai sa masa alamar maci amana, a sa lada a kansa, kowa ya bi shi. An yi mini duka biyun. Na taɓa faɗuwa a gindin igiya, wani baƙo da ba mu jin yaren juna ya tashe ni, ya tsaya yana gadi har jakata ta tashi, alhali da ya bar ni kayan sun zama nasa. Har yau ina tuna wannan fiye da kowace bindiga da na taɓa samu. Abin da na fahimta shi ne, maƙiyin da kwamfuta ke tuƙawa kana haddace halinsa cikin mako guda, amma ɗan Adam ba ya haddatuwa. Shi ya sa fili ɗaya, jirgi ɗaya, igiya ɗaya, kullum labari daban.

Wani abin kuma sai a 2020 na gan shi. Ƙarin labarin wasan na biyu, The Division 2, mai suna Warlords of New York ya fito a farkon Maris na shekarar, 'yan kwanaki kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga wata. Da aka kulle Kano a watan Afrilu, na koma wasan farko, sai na tarar ba na iya wuce wasu abubuwa da gudu kamar da. Wayoyin da ke yashe a titi, masu ɗauke da saƙon muryar wanda ke neman ɗan'uwansa, na riƙa tsayawa ina saurara. Masu sharar birnin da suka ɗauki bindigar feshin wuta suna ƙona duk wanda suke zargi da cutar, na daina kallonsu a matsayin dodanni kawai, don na ga yadda tsoro ke juya mutanen kirki. Babban gidan wayan da ka mayar sansani, kana buɗe ɓangaren asibiti kana ganin marasa lafiya sun samu gado, ya zame mini wurin da na fi son komawa.

Wasan na biyu, wanda ya fito a Maris na 2019 ya kai labarin Washington da rani, ya fi na farko yawan abin yi. Kana gama labarin sai wata runduna mai suna Black Tusk ta mamaye garin, ka sake bin wuraren da ka sani da sababbin maƙiya, ga kuma farmakin mutum takwas a filin jirgin sama. Amma an raba yankin Dark Zone gida uku ƙanana, an kuma daidaita ƙarfin makamai a yawancinsu don kada babba ya danne ƙarami. Gyara ne mai ma'ana ga sabon shiga, ban musa ba. Ni dai in na samu intanet mai ƙarfi da wutar da za ta kai ni dare, Manhattan mai dusar ƙanƙara nake komawa, domin can ne har yanzu gabana ke faɗuwa in na ji takun wani a bayana.