Neman Injin Tace Bidiyo a Malanville

Daga Kwatano muka yini a mota, tafiyar fiye da kilomita 700, muka sauka Malanville a bakin kogin Kwara ana kiran magariba. Ɗan ƙanenmu ne ya kira mu. Ya sayar da albasarsa, yana son buɗe shagon tace bidiyon biki da suna da wa'azi, kuma kuɗin ba za su sayi inji sau biyu ba.

Jama'a, a nan ba kyan inji ake fara dubawa ba. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. Babbar kwamfutar tebur da ya ƙwallafa wa rai, wuta na tafiya aikin amarya ya tsaya, mai biki kuwa ba ya jin uzuri. Sai muka karkata ga ta tafi-da-gidanka mai batir.

Manhaja ta fi ja mana gardama. Ya nace sai Adobe Premiere, don ita ya ji masu finafinan Kano na ambata. Amma tun 2013 haya ake biya mata, ba saye ba. DaVinci Resolve tana da ta kyauta, sai dai tana son inji mai ƙarfi, shi ya sa muka zuba kuɗin a can.

Da ya so ya ƙetara gada zuwa Gaya neman masu biki, muka tuna masa yadda aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mutane suka koma kwale-kwale. Ya ce injin da ke shiga jaka ai yana shiga jirgin ruwa.